Mai Sanƙon Dutse: Tarihin Tsuntsun da Ya Ɓata a Littattafai Alhali Yana Nan a Kurmi



Kurmin da ya taso daga Gini, ya ratsa Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, ya zo ya tsaya a kudancin Gana, shi ne mahaifar goron da kakanninmu suka yi fatauci a kansa shekaru aru-aru. Amma fataken da suka fito daga Kano da Katsina, suka biyo ta Nikki da Zugu da Yandi, galibi a Salaga suke sauke kaya. Sarakunan Asante, waɗanda fatake ke kira Tonawa, ba su cika barin baƙo ya kutsa cikin kurmin ba, mutanensu ne ke fito da goro kasuwa a kan 'yan dako. Saboda haka Bahaushe ya san goro ciki da bai, ya raɗa wa kowane irinsa suna, amma kurmin da ya haifi goron ya zauna masa baƙon wuri. Tsuntsayen sarari mun san su da sunayensu da karin maganarsu: hankaka, kurciya, gauraka, belbela, carki, shamuwa. Na kurmi kuwa sai ɗai-ɗai, kamar aku da ya iso mana a cikin keji.

A cikin tsuntsayen wannan kurmi akwai wani da Turawa ke kira Pikatartis. Tun da yake ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne, a wannan rubutu za mu kira shi mai sanƙon dutse, domin sanƙo gare shi, kuma a jikin dutse yake gina sheƙarsa. Shekara 200 ke nan da sunansa ya fara shiga littafi, kuma tarihin nasa yana tabbatar da wata ƙa'ida da malamanmu suka daɗe suna nanatawa: rashin samun abu ba hujja ba ne a kan cewa babu shi. An yi sama da shekara talatin masana ba su sa shi a ido ba a Gana, har wasu suka fid da tsammani, alhali kowace yamma yana komawa kogonsa. Sai dai ƙa'idar tana da iyaka. Tsuntsun da ya ɓata a littafi ana iya gano shi. Wanda aka sare wa kurmi ko aka fasa wa dutse ba ya dawowa.

YADDA AKE GANE SHI

Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kimanin santimita 40 ne, nauyinsa giram 200 zuwa 250. Ke nan bai kai hankaka ba, ya kuma fi shi siranta. Bayansa da fukafukansa da doguwar wutsiyarsa baƙaƙe ne masu sirkin ruwan toka. Wuyansa da ƙirjinsa da cikinsa farare ne. Bakinsa baƙi ne kakkaura irin na hankaka, ƙafafunsa dogaye masu ƙarfi. Alamar da ba ta barin kokwanto ita ce kai: fata ce zalla mai ruwan ɗorawa, babu gashi, ga kuma manyan tabo biyu baƙaƙe a bayan idanu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar an manna masa faifai biyu. Mace da namiji kamanninsu ɗaya.

Ba tsuntsun sama ba ne. Da tsalle yake tafiya, daga ƙasa zuwa saiwa, daga saiwa zuwa igiyar kurmi, daga nan zuwa kan dutse, wutsiya na daidaita masa jiki. In ya tashi, ba ya nisa yake sauka. A ƙasa yake kiwo, yana birkita busassun ganyaye, yana tsintar ƙwari da tana da ƙadandoniya da dodon-koɗi. Idan rundunar kwarkwasa ta fito, sai ya bi gefenta yana cafke ƙwarin da ta koro. In yana da 'ya'ya a sheƙa kuwa, har ƙananan kwaɗi da ƙadangaru yake kai musu.

Masana sun sa shi a babban dangin tsuntsaye mawaƙa, dangin da kanari ya fito, amma mawaƙi ne da ba ya waƙa. Abin da akan ji daga gare shi bai wuce wani ɗan ƙurƙur kamar na kaza mai 'yan tsaki ba, sai kuma wata gajeriyar ƙara mai kaushi idan ya firgita. Wannan shirun ne ya sa ya yi wuyar samu. A cikin kurmi duhuwar ganye tana tare ido, don haka da kunne ake fara gane tsuntsu, tun da an ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ba ya kuka kuwa, sai a nemi gidan nasa.

Gidan nasa shi ne babbar shaida. Yakan zaɓi katon dutse a tsakiyar kurmi, mai kogo ko mai rumfa da ruwan sama ba ya dukan ƙarƙashinta, yawanci kusa da rafi. Da laka da zaren tsirrai yake gini, irin aikin zanzaro amma da girma, ya manna sheƙar a bangon dutsen kamar rabin ƙwarya, sama da inda hannun mutum ke kaiwa. Ƙwai ɗaya ko biyu take yi. Uwa da uba ke karɓa-karɓar kwanci har kwana 23 zuwa 28, 'ya'yan kuma su yi kusan wata guda kafin su bar sheƙa. A dutse ɗaya akan sami sheƙa biyu ko uku ko biyar, kuma tsohuwar sheƙa ake gyarawa shekara bayan shekara. Duk wanda ya ga wannan ginin laka a ƙarƙashin rumfar dutse a cikin kurmi, ya san maginin, ko da bai ga maginin ba.

DAGA FATA ZUWA SUNA

Turai ba ta fara saninsa da rai ba. A farkon ƙarni na 19, jiragen ruwa kan koma da busassun fatun tsuntsaye daga gaɓar Gini, wato bakin tekun Afirka ta Yamma, inda a lokacin mutanen Holan ke riƙe da ganuwar Elmina. Ɗaya daga cikin waɗannan fatu ta isa hannun Coenraad Temminck, shugaban farko na gidan adana halittu na birnin Laidin a Holan. A 1825 ya bayyana siffarsa, ya dubi bakinsa, ya yanke hukuncin cewa hankaka ne, ya ba shi suna mai ma'anar hankaka mai tsiraicin kai. Bayan shekara uku, a 1828, René Lesson na Faransa ya ce wannan halitta ta isa a ware mata jinsi nata. Ya ƙera kalmar Pikatartis daga sunaye biyu: na wani ɗan'uwan hankaka mai doguwar wutsiya da ake samu a Turai, da na wani irin ungulu na nahiyar Amurka. Sunan da kansa yana nuna ruɗewar masu raɗa shi: jiki na hankaka, kai na ungulu.

Fata tana nuna launi da tsawo, amma ba ta faɗin yadda mai ita ke tafiya, ko abin da yake ci, ko inda yake kwana. Shi ya sa aka shafe sama da shekara ɗari ana yawo da shi daga dangi zuwa dangi. Yau a ce hankaka ne, gobe a mayar da shi cikin tsuntsaye masu cafke ƙwari, jibi a haɗa shi da masu surutun nan da ke yawo garke-garke a cikin sarƙaƙiya. Sai da binciken ƙwayoyin gado ya zo kana aka gane cewa tsohon reshe ne mai zaman kansa. Makusantansa su ne wasu tsuntsayen duwatsu guda biyu na kudancin Afirka, da wani mai kiwo a ƙasa a kurmin Malesiya da Indunisiya.

A 1899 aka gano yana da ɗan'uwa shaƙiƙi. Kamaru na hannun Jamus a lokacin, kuma daga gindin Dutsen Kamaru, kusa da garin Biktoriya wanda ake kira Limbe a yau, aka aika da wata fata zuwa Balin. Anton Reichenow ya bayyana ta a matsayin iri na biyu. Ƙirar jiki ɗaya, ginin laka ɗaya, amma wannan wuyansa ruwan toka ne, gaban kansa shuɗi, ƙeyarsa ja jawur. Ana samunsa a Kuros Riba ta Najeriya, da Kamaru, da Gabon, da Ikwatoriyal Gini har tsibirin Biyoko. Tsakanin 'yan'uwan biyu akwai shamaki na halitta: daga filayen Ankara, babban birnin Gana, zuwa Togo da Binin, kurmi ya yanke, ciyawar sarari ta gangaro har bakin teku. Tsuntsun da ba ya nisa in ya tashi ba shi da hanyar ƙetare wannan fili. Don haka mai kallo ba ya rikita su: mai rawayan kai na yamma ne, mai jan ƙeya na gabas.

SHEKARUN KAMU

A 1954 wani matashin ma'aikacin gidan talabijin na BBC mai suna David Attenborough ya haɗa kai da Jack Lester na gidan namun daji na Landan, suka tafi Saliyo da mai ɗaukar hoto Charles Lagus. Babban abin da suka sa gaba shi ne mai sanƙon dutse. Sun kai ga dutsen sheƙa, sun ɗauki hotonsa, sun kuma komo Landan da guda a raye. An fara nuna shirin a watan Disamba na wannan shekara. Rashin lafiya ya kwantar da Lester bayan fitowa ta farko, sai Attenborough ya maye gurbinsa a gaban kyamara. Daga nan ne sunansa ya fara fita, har ya zama mutumin da duniya ta sani da shirye-shiryen namun daji.

Tsuntsun kuwa shaharar ba ta yi masa rana ba. A shekarun 1950 da 1960 gidajen namun daji na Turai da Amurka sun yi ta rububin mallakarsa, aka buɗe kasuwar kamu a ƙasashen da yake. Halinsa na kirki, wato riƙon gida, shi ya ba da shi: mai kamu ba ya buƙatar bin sawu, ya isa ya san dutsen, ya jira dare, ya zo da fitila da raga. Da yawa sun mutu kafin su isa inda aka nufa da su, waɗanda suka isa kuma kaɗan ne suka hayayyafa. An ƙulla yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa a birnin Washintan a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma irin biyun duka suna cikin jerin farko, na waɗanda aka hana fataucinsu tsakanin ƙasashe.

ƁATA DA BAYYANA A GANA

A shekarun 1960 Llewellyn Grimes, malami a Jami'ar Gana da ke Legon, ya bi wasu sheƙu a tsaunukan Kwahu, ya rubuta abin da ya gani game da ƙwai da kwanci da renon 'ya'ya. Daga ƙarshen waɗannan shekaru sai labari ya yanke. Dalilan fargaba kuwa a fili suke. Tun da Tetteh Quarshie ya kawo irin koko daga tsibirin Biyoko a 1879, gona ke cin kurmi, har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko a 1911. Masu katako suka yanka hanyoyi, manoma suka biyo hanyoyin da adda da wuta. Mafi yawan kurmin da ya tsira yana cikin gandun dajin da gwamnati ta keɓe ne, waɗanda aka kafa yawancinsu bisa dokar daji ta 1927. Duwatsu da dama da aka san su da sheƙu suka wayi gari tsirara a tsakiyar gonaki.

A Saliyo ba a yi irin wannan yankewa ba. Ɗan ƙasar, Hazell Thompson, ya shafe shekaru yana bin sheƙun tsuntsun, kuma aikinsa na cikin ginshiƙan abin da aka sani a yau. A wasu ƙauyukan ƙasar, al'ada ta ɗauki irin waɗannan duwatsu wurare ne masu alfarma, kuma wannan ya kare tsuntsun daga hannun mutane. Kurmin Gola, ɗaya daga manyan mazaunansa, ya zama gandun ƙasa a 2011.

A Gana sai a 2003 shirun ya ƙare. Wasu masu bincike daga Amurka, tare da ma'aikatan kula da namun daji na Gana, suna ƙidayar tsuntsaye a gandun dajin Subim da ke yankin Ahafo, sai ga mai sanƙon dutse. An buga labarin a 2004. Ahafo kuwa na cikin ƙasashen da goron Gwanja ya riƙa fitowa daga cikinsu. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da masu bincike na gida suka bazama neman sauran sheƙu, hanyar da ta fi biya musu ita ce shiga ƙauyukan bakin kurmi da hoton tsuntsun, suna tambayar mafarauta da manoma. Waɗannan ne suka ja su zuwa duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Tsuntsun bai taɓa ɓacewa daga idon mai kwana a daji ba. Abin da ya yanke shi ne hanyar da ke tsakanin mai gani da mai rubutu. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya.

YADDA AKE KALLONSA A YAU

Wurin da ya fi suna a yanzu shi ne ƙauyen Bonkro a ƙasar Adansi, kudu da Kumasi, gefen hanyar da ta nufi Kef Kos. Masu kallon tsuntsaye daga ƙasashe masu nisa kan zo musamman dominsa. Ɗan ƙauye ne ke yin jagora. Akan tashi da rana tsaka ko bayan azahar, a ratsa gonakin koko, a shiga kurmi, a hau tudu mai santsi har gindin dutsen. A can akwai benci da aka ajiye nesa kaɗan da sheƙun. Daga nan aiki ya koma na haƙuri: ba magana, ba motsi mai yawa, ba tufa mai ƙyalli, ba walƙiyar kyamara, ba taɓa sheƙa. Akan zauna awa ɗaya, wani lokaci biyu.

Tsakanin la'asar da almuru tsuntsayen ke dawowa. Ba sa sanarwa. Sai dai mutum ya ga wani abu fari ya gifta ta gefen ido, in ya juya a hankali ya ga rawayan kai a kan reshe yana dubansa. Idan mai kallo ya natsu, tsuntsun ma yakan natsu, ya matso da tsalle-tsalle, ya tsaya gyaran gashi, sa'an nan ya haye sheƙa. Mai son ya tabbatar da shaidarsa sai ya lura da abu huɗu a jere: wuri, wato dutse a cikin kurmi, tafiya, wato tsalle, wuya, fari ne ko toka, sai kai da tabonsa. Ya rubuta rana da sa'a da adadin da ya gani da adadin sheƙu. Irin wannan ɗan rubutu, in ya taru shekara da shekaru, shi ke nuna ko tsuntsayen wani dutse na ƙaruwa ko raguwa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A Bonkro dutsen ba a dafa shi, zama ake yi a gabansa.

Kuɗin da baƙi ke biya yana shiga hannun 'yan jagora da al'ummar wurin, har an gina makaranta da taimakon masu kawo baƙin. Mutanen da a da suke shiga kurmin da bindiga da tarko, yanzu suna da dalilin tsaron dutsen, domin tsuntsu mai rai ya fi musu amfani a kan matacce.

ABIN DA YA RAGE

Har yanzu mai rawayan kai yana cikin jerin halittun da ake yi wa fargabar ƙarewa, kuma ƙiyasin masana bai kai da yawansa 10,000 ba a duk ƙasashe biyar ɗin da yake. Kamu ya ja baya, amma wasu masifun sun maye gurbinsa: zarton inji, faɗaɗa gona har gindin dutse, wutar da mafarauta kan hura a cikin kogo idan sun ya da zango, da kuma galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta shiga gandun daji da katafila tana mayar da rafuka ruwan kunu. Sauran tsuntsaye in an sare itacensu sukan koma wani. Wannan kuwa sai dutse mai rumfa, da inuwar kurmi a kansa, da laka da ruwa a kusa. In ɗaya ya tafi, gidan ya mutu, kuma ba a dasa dutse.

Mu ma yanzu ba baƙi ba ne a bakin kurmin. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, da yaƙin da ya watsa Salaga a 1892, kasuwar goro ta gangaro kudu, zangunanmu suka biyo ta. A yau 'ya'yan zango na sayen goro a Ahafo, suna aikin gonar koko a Adansi, suna cikin sana'ar katako da gawayi da haƙar zinariya kamar kowa. Wanda ke ci daga wuri yana da haƙƙin wurin a wuyansa. Manomin da gonarsa ta yi iyaka da dutse mai sheƙar laka ya bar itatuwan da ke kewaye da shi. Mafarauci ya nemi wani wurin hura wuta. Ɗan kasuwa kada ya sayi tsuntsun daji da aka ɗauko daga sheƙa. Wanda ya ga irin wannan gini a wani dutse ya sanar da ma'aikatan kula da namun daji, don kada hanyar da ke tsakanin mai gani da mai rubutu ta sake yankewa. Kakanninmu sun bar mana sunan kowane goro. Ya kamata mu bar wa jikokinmu kurmin da goron ke tsira a ciki, da mazaunansa.

Allah Ya sa mu dace.